Haɗa Bayanin Littafi da Bayanin Kwafinsa: Darasi Daga Rubuce-Rubucen Ƙasar Wurno

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya shiga laburare neman wani littafi, tambayoyi biyu yake ɗauke da su, ko da bai rarrabe su ba. Ta farko ita ce, shin akwai littafi mai suna kaza wanda wane ya wallafa? Ta biyu kuwa ita ce, in akwai shi, a ina yake, kuma kwafi nawa ne? Ma'aikatan laburare sun daɗe da raba amsoshin waɗannan tambayoyi gida biyu. Amsar ta farko ita ce za a kira bayanin littafi a cikin wannan maƙala, watau sunan mawallafi da sunan littafi da harshen da aka rubuta shi da abin da ya ƙunsa. Amsar ta biyu kuma za a kira ta bayanin kwafi, watau lambar da aka ba kwafin da kantar da yake kai da halin da yake ciki.

Sau da yawa akan tarar bayanan nan biyu ba wuri ɗaya suke ba. Ɗaya na cikin fihirisa, ɗaya na cikin rajistar shigowar littattafai. Haɗa su da hannu aiki ne na shekaru, shi ya sa a yau ake rubuta wa kwamfuta ɗan gajeren umurni ta yi aikin. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake yin wannan haɗi da kuma inda ake tuntuɓe. Za a ɗauko misalai daga rubuce-rubucen hannu na Daular Sakkwato, musamman waɗanda suka shafi yankin Wurno da Raba da Rara da Goronyo, domin a nan ne matsalar ta fi fitowa fili.

2.0 Littafi Ɗaya, Kwafi Da Yawa

Wurno ribaɗi ne da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa, a nan ya rasu a 1837, a nan kuma hubbarensa yake. Ɗansa Aliyu Babba, wanda ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859, shi ma a Wurno ya fi zama. Saboda haka garin ya zama mazaunin malamai da magatakarda da masu kwafar littattafai, kuma abin da aka rubuta ko aka kwafa a can ya bazu zuwa garuruwan da ke kewaye da ma ƙasashe masu nisa.

A ɗauki Infaƙul Maisuri, wanda Bello ya kammala a shekarar Hijira ta 1227, daidai da 1812. A matsayinsa na wallafa, littafi ɗaya ne, bayani ɗaya ya ishe shi. Amma tun a 1824 Baturen nan Hugh Clapperton ya tafi da wani yanki nasa daga Sakkwato, aka fassara shi da Turanci aka buga a Landan a 1826. E. J. Arnett ya fitar da wata fassara a 1922, C. E. J. Whitting kuma ya buga matanin Larabcin a 1951. Ban da waɗannan, akwai kwafe-kwafen hannu a ɗakunan ajiya daban-daban da kuma gidajen malamai. To, kowanne daga cikinsu yana buƙatar bayaninsa na kansa.

A nan ne bambanci ya bayyana tsakanin bugaggen littafi da rubutun hannu. Kwafi goma na bugu ɗaya tamkar tagwaye suke, lamba kawai ke raba su. Kwafi biyu na rubutun hannu kuwa ba sa taɓa zama daidai. Wannan yana da sunan wanda ya kwafa da ranar da ya gama, wancan kuma gara ta cinye warƙar ƙarshe. Wannan yana da fashin baƙi da Hausa ko Fulatanci a tsakanin layuka, wancan kuma yana da hashiyar wani malami a gefe. Ga ɗalibin Hausa, waɗannan ƙananan rubuce-rubuce na ajami suna iya fin matanin kansa amfani, domin su ne shaidar yadda ake rubuta harshen da yadda ake karantarwa da shi a ƙarni na 19. Fihirisar da ta ce akwai littafi kaza ta yi shiru a kan kwafe-kwafensa, ta ɓoye wa manazarci rabin abin da yake nema.

3.0 Fihirisosin da Aka Gada

Aikin lissafa waɗannan littattafai bisa tsarin zamani ya soma ne a shekarun 1950. W. E. N. Kensdale ya fitar da fihirisar littattafan Larabci na laburaren Kwalejin Jami'a ta Ibadan tsakanin 1955 da 1958. A 1964 aka kafa cibiyar tattara rubuce-rubucen Larabci a Jami'ar Ibadan, a wannan shekara kuma aka soma shirin binciken tarihin Arewa wanda ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A 1965 Aida Arif da Ahmad Abu Hakima suka buga fihirisar abin da ke gidan tarihi na Jos da laburaren majalisa ta Kaduna. Murray Last, wanda ya yi nazari a Sakkwato tare da taimakon Waziri Junaidu, ya fitar da littafinsa kan Daular Sakkwato a 1967 tare da jerin wallafe-wallafen shugabannin jihadi. An kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970, a farkon shekarun 1970 kuma aka buɗe hukumar tarihi a Sakkwato, wadda daga baya aka sa mata sunan Waziri Junaidu. Har wa yau akwai waɗanda ke ƙetare, kamar laburaren Segu da sojojin Faransa suka kwashe a 1890, wanda yake Paris, da littattafan Malam Umaru Falke na Kano da ke Jami'ar Northwestern a Amurka.

Abin lura shi ne, kowace cibiya da irin lambobinta da irin yadda take rubuta sunaye. Babban ƙoƙarin haɗa kansu shi ne na John Hunwick a juzu'i na biyu na Arabic Literature of Africa, wanda ya fito a 1995. Tsarinsa shi ne a kawo sunan malami, a jera wallafe-wallafensa, sa'an nan a ƙarƙashin kowace wallafa a faɗi garuruwan da kwafe-kwafenta suke tare da lambobinsu. Ke nan ainihin haɗin da ake magana a kai ne, sai dai da ido da alƙalami aka yi shi. Daga ƙarshen shekarun 1980 kuma Charles Stewart na Jami'ar Illinois ya soma zuba irin waɗannan bayanai a kwamfuta da Larabci da boko, aikin da ya tattara fihirisosin tarin littattafai da dama na Afirka ta Yamma wuri guda.

4.0 Yadda Na'ura Ke Haɗa Bayanai

Kafin kwamfuta ta iya karanta katin fihirisa, sai da aka yi wa kowane yanki nasa gurbi mai lamba. Wannan tsari shi ne MARC, wanda Henriette Avram ta jagoranci ƙirƙiro shi a Laburaren Majalisar Dokokin Amurka a shekarun 1960, aka kuma daidaita shi ya zama MARC 21 a 1999. A cikinsa gurbi na 001 yana ɗauke da lambar bayanin, na 100 sunan mawallafi, na 245 sunan littafi, na 246 sauran sunayen da aka san littafin da su, na 880 kuma yana maimaita bayani da wani irin rubutu kamar na Larabci. Bayanin kwafi yakan shiga gurbi na 852. A manhajar Koha, wadda aka ƙirƙiro a ƙasar New Zealand a 1999, kuma jami'o'in Nijeriya da dama suka rungume ta, gurbi na 952 aka keɓe wa kwafi. A can ake sa reshen laburare da lambar kanta da lambar da aka manna wa kwafin.

Buƙatar haɗi takan taso ne idan laburare zai bar tsohuwar manhaja ya koma sabuwa. Jami'o'in tarayya da yawa sun soma da TINLIB a shekarun 1990, wasu kuma da CDS/ISIS ta hukumar UNESCO, daga baya suka sauya. A irin wannan ƙaura, bayanan littattafai kan fito a fayil ɗaya, bayanan kwafe-kwafe kuma a jadawali dabam, kowane kwafi da layinsa. Sai ma'aikaci ya rubuta umurni da harshen kwamfuta irin Python ko Perl, ko ya yi amfani da manhajar MarcEdit.

Aikin umurnin yana tafiya daki-daki kamar haka. Da fari na'ura za ta karanta bayanan littattafai duka, ta jera su bisa wata lamba da ta keɓanta ga kowanne. Wannan lamba ita ce mabuɗi. Sa'an nan ta ɗauki layin farko na jadawalin kwafe-kwafe, ta duba mabuɗin da ke jikinsa, ta nemi bayanin littafin da ke da irinsa. In ta samu, sai ta buɗe sabon gurbi na 952 a ƙarƙashinsa ta zuba abin da ke layin. Haka za ta bi layukan ɗaya bayan ɗaya har su ƙare. Littafin da ke da kwafi biyar zai fito da gurbi biyar.

Sakamakon kowane layi ba ya wuce ɗayan uku. Ko dai ya dace da littafi ɗaya tak, wanda shi ne abin da ake so, ko ya rasa wanda ya dace da shi ya zama maraya, ko kuwa ya dace da fiye da ɗaya. Umurni nagari ba ya jefar da maraya, ba ya kuma yin zaɓi da ka a tsakanin littattafai biyu. Yakan ware su ne a wani fayil domin mutum ya duba. Daga ƙarshe sai a yi lissafi. Alal misali, in layi 1,000 aka zuba, aka haɗa 940, to tilas a ga 60 a fayil ɗin waɗanda aka ware. In lissafin bai cika ba, wasu kwafe-kwafe sun salwanta a hanya ke nan. Don haka ne ake yin aikin a kan kwafin fayil, a ajiye na asali, a kuma gwada da bayanai kaɗan kafin a saki na'ura a kan dubbai.

5.0 Inda Ake Tuntuɓe

Duk wannan tsari ya rataya ne a kan mabuɗi, ita kuwa na'ura baƙi da baƙi take gwadawa, ba ta san ma'ana ba. Bugaggun littattafai na zamani suna da lambar ISBN, wadda aka daidaita a duniya a 1970. Rubutun hannu ba shi da ita, haka ma yawancin littattafan ajami da na Larabci da ake bugawa ana sayarwa a kasuwannin Kano da Sakkwato. Idan babu lamba, sai a koma ga sunan mawallafi da sunan littafi, a nan kuwa matsaloli suke.

Matsala ta farko ita ce ta sunayen mutane. Mutum ɗaya ne ake rubutawa Usman dan Fodio da Uthman b. Fudi da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, amma a wurin na'ura mutum uku ne. Haka nan Muhammad Bello da Muhammadu Bello da Sultan Bello. Akasin haka ma yana faruwa, domin masu suna Muhammadu Bello a tarihin ƙasar nan ba su ƙirguwa. Maganin wannan shi ne a tsayar da rajistar sunaye tun kafin haɗi, a zaɓi siga ɗaya a ba ta lamba, a jera sauran sigogi a ƙarƙashinta.

Ta biyu ita ce ta sunayen littattafai. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yana da wallafe-wallafe da dama da suka fara da kalma ɗaya, kamar Liya'ul Hukkami da Liya'ut Ta'awili da Liya'us Sulɗani. Umurnin da ya dubi farkon suna kaɗai zai cuɗa su. Bugu da ƙari, baƙin Larabcin da kalmar ta fara da shi Bahaushe yana furta shi kamar l, kamar yadda ake ji a alƙali da larura da lamiri, alhali fihirisosin Turai da d suke rubuta shi. Ke nan littafi ɗaya zai zauna ƙarƙashin L a wata fihirisa, ƙarƙashin D a wata. Har ila yau, kwafe-kwafe da yawa ba su da suna ko kaɗan. Waƙoƙi musamman, da baitin farko ko amsa-amo aka fi sanin su.

Ta uku ita ce ta jingina littafi ga mai shi. Heinrich Barth ya zauna a Wurno a 1853, daga nan ya wuce Gwandu inda ya ga kwafin Tarihus Sudan, ya kuma sanar da Turai cewa Ahmad Baba na Tumbuktu ne ya wallafa shi. Sai daga baya aka tabbatar cewa na Abdurrahman Assa'adi ne. Irin wannan kuskure in ya shiga bayanin littafi, umurni zai rataya masa duk kwafin da ya zo, ya yaɗa shi ba tare da gajiya ba. Wani lokaci kuma mawallafin ne ya fi ɗaya. Waƙar Tabbat Haƙiƙa ana danganta asalinta na Fulatanci ga Shehu, Nana Asma'u kuma ta mayar da ita Hausa. Fihirisar da ta sa ta ƙarƙashin Shehu da wadda ta sa ta ƙarƙashin Asma'u duka suna da hujja, amma na'ura ba za ta gane abu ɗaya suke nufi ba.

Ta huɗu ita ce ta baƙaƙe da lambobi. Kafin yaɗuwar tsarin Unicode, wasu nau'o'in baƙaƙen Hausa na kwamfuta sun ɗora ƙ a kan q, ɗ a kan x, ɓ a kan v. Fayil ɗin da aka rubuta da su in aka buɗe shi a wata na'ura, Giɗaɗo zai koma Gixaxo, wanda kuwa ya rubuta ba lanƙwasa zai ba da Gidado. Haka kuma manhajar jadawali takan share sifiri na farkon lamba, 00412 ta koma 412, mabuɗi ya ƙi buɗewa. Shekarar Hijira da ta Miladiyya ma in aka zuba su gurbi ɗaya ba alama, 1227 za ta zama kamar ta riga 1812 da ɗaruruwan shekaru.

Ta biyar ita ce ta asali da hoto. Masu tattara littattafai a shekarun 1950 da 1960 sukan ari littafi daga hannun mai shi, su ɗauki hotonsa, su mayar masa. Saboda haka lambobi uku a garuruwa uku suna iya zama hoton kwafi ɗaya tak. In jadawali bai bambance asali da hoto ba, manazarci zai zaci yana da shaidu uku, alhali shaida ɗaya ce aka maimaita, kuma hankali zai kwanta a kan littafin da kwafinsa guda ne ya rage.

Ta ƙarshe ita ce ta gafaka. Littafin hannu warƙoƙi ne da ba a ɗinka ba, ana tsare su a tadarishi a sa a gafaka, kuma ba abin mamaki ba ne a sami wallafa biyar ko shida a gafaka ɗaya. A nan al'amarin ya juya, domin kwafi ɗaya ne ke neman littattafai da yawa. Umurnin da aka rubuta bisa zaton kowane kwafi littafi ɗaya ne zai ambaci na sama ya binne sauran.

6.0 Littattafan da Ke Hannun Jama'a

Duk abin da aka faɗa ya shafi littattafan da suka riga suka shiga wata rajista. Waɗanda ke gidajen malamai da limamai a garuruwa irin su Rara da Raba da Wurno da Goronyo, da yawansu ba su taɓa samun lamba ba, na'ura kuwa ba ta haɗa abin da ba a rubuta ba. Ga shi kuma haɗarin da suke ciki ba ƙarami ba ne. Ban da gara da ɗigar damina da rabon gado, ambaliyar kogin Rima ta 2010 ta ci garuruwa da gonaki a wannan yanki, har ta yanke hanyar shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Hare-haren 'yan bindiga, kamar na Tabanni a ƙasar Raba a 2018 da na kasuwar Goronyo a 2021, sun tilasta wa mutane da yawa barin gidajensu. Mai gudun ceton rai ba ya tsayawa ɗaukar gafaka. Kwafin da ya ɓace yana da bayani, aƙalla an san me aka rasa, ana iya cigiyarsa. Wanda ya ɓace ba bayani kuwa, ko labarinsa ba za a ji ba.

A nan ɗaliban sashen Hausa suna da rawar takawa, domin suna karanta ajami, sun kuma san gidajen. Ɗalibin da ya sami izinin mai littafi yana iya cika wa kowane kwafi layi ɗaya mai ɗauke da abubuwa kamar haka: lamba ta musamman wadda ba za a sake ba wani ba, sunan mawallafi da na littafi daidai yadda suke a jikin takarda, layin farko da na ƙarshe, harshe ko harsunan da ke ciki har da na fashin baƙi, yawan warƙoƙi, sunan wanda ya kwafa da shekara in akwai, bayanin ko asali ne ko hoto, sai kuma sunan garin. Layin farko da na ƙarshe su ne za su tsaya a madadin mabuɗi idan suna ya rikice. Gurbin da ba a san amsarsa ba a bar shi fayau, domin gurbi wofi ana iya cika shi gobe, amma ƙirƙirarren suna yakan bi fihirisa har jikoki. Sunan mai littafi da gidansa kuwa amana ne, bai kamata su shiga fihirisar da kowa ke dubawa ba sai da yardarsa, saboda gudun ɓarayi da dillalan kayan tarihi.

7.0 Kammalawa

An ga cewa bayanin littafi da bayanin kwafi abubuwa biyu ne da ake ajiyewa dabam, kuma umurnin kwamfuta yana iya haɗa dubbansu cikin ɗan lokaci muddin akwai amintaccen mabuɗi. An kuma ga cewa a fagen rubuce-rubucen hannu na ƙasar Hausa wannan mabuɗi sai an ƙera shi tukuna, ta hanyar tsayar da sunaye da gane littattafai da bambance asali da hoto. Wannan kashi na aikin ya faɗa a wuyan wanda ya san Larabci da ajami da tarihin malaman ƙasa. Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kwafin da aka ba lamba aka rubuta bayaninsa daidai tun yana gafakarsa a Rara ko Wurno, duk ranar da aka zo haɗa fihirisosin Sakkwato da Zariya da Kaduna da Ibadan, zai sami gurbinsa a ƙarƙashin sunan mai shi.